Kafin Mu Sayo wa Tsofaffinmu Tabarau, Mu Mayar Musu da Fartanyarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi iyayenmu da kakanninmu, wanda na daɗe ina juya shi a raina. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, na yi aiki a asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani tsakanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru har lokacin ritaya ya yi, kuma a yau ni kaina na kama hanyar shiga sahun waɗanda zan yi magana a kansu, domin furfura ta riga ta gama da gemuna. Saboda haka duk wanda ya ce shimfiɗa nake yi wa kaina, bai yi mini ƙarya ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne zuwan 'yar ƙanena hutu a bara. Yarinyar tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a ƙasar Beljiyam, irin gidajen nan da Turawa ke kai iyayensu idan ƙarfi ya ƙare, a riƙa yi musu wanka, ana ba su abinci da magani bisa biyan kuɗi. Cikin kayanta har da wata na'ura mai kama da ƙaton tabarau, wadda ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu ruf. Wanda ya sa ta sai ya ga kamar an ɗauke shi an dire a wani wuri dabam, bakin teku ko tsakiyar daji ko wani birni da bai taɓa takawa ba. Sirrin abin ba shi da wuyar ganewa. Kowane ido ana nuna masa nasa hoton ta cikin gilashi, hotunan biyu sun ɗan saɓa da juna kamar yadda ganin idon dama yake ɗan saɓa wa na hagu, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta fitar da nesa da kusa. Sannan a cikin na'urar akwai abin da ke bin motsin kai, ta yadda idan mutum ya waiwaya hoton zai juya tare da shi, idan ya ɗaga kai ya ga sama, idan ya sunkuya ya ga ƙasa. Ni dai na sa masa suna tabarau na gani-kamar-gaske, kuma da wannan suna zan riƙa kiransa.

A gidana akwai Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda a lissafinmu ta haura shekara tamanin. Duk rayuwarta a wani ƙauye da ke gefen Fitowa ta yi ta, da damina tana gonar gyaɗa da dawa, da rani kuma tana garkarta ta albasa da kuɓewa a bakin rafi. Da mijinta ya rasu, ita kuma ta faɗi ta bugu a ƙugu, ga 'ya'yanta maza ɗaya yana Yawunde ɗaya yana ƙasar Gabon, sai dangi suka yi shawara na ɗauko ta zuwa Garwa. Gidana daɓen siminti ne tun daga zaure har bayan ɗaki, domin a lokacin da na gina shi ina ganin siminti shi ne alamar ci gaba. Muka ba ta ɗaki mai fanka, muka saya mata katifa, muka ce mata, "Goggo, kin yi mai wuyar, yanzu sai ki huta." Idan ta ɗauki tsintsiya a karɓe, idan ta jawo faifai za ta tsince shinkafa a ce ta bari yara su yi. Mu a ganinmu biyayya muke yi, albarka muke nema.

Ba a rufa wata shida ba sai matar da ke ɗaukar tulu daga rafi ta koma ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta. Yini take barci, da dare kuma ta tashi tana laluben sakata tana cewa za ta je ban ruwa. Abinci sai an yi da gaske take cin loma uku. Ta fara kirana da sunan mahaifina, wanda ya daɗe da rasuwa. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne, wasu ma suka fara irin raɗe-raɗin da ake yi wa tsohuwar da aka ga tana yawo da dare, wanda ba zan maimaita shi a jarida ba. Ni da na yi shekaru ina jinya na san akwai ciwon mantuwa a ciki, amma ko kusa ban kawo a raina cewa hutun da muka ɗora mata yana cikin abin da ke ƙara kwantar da ita ba.

A wannan hali 'yar ƙanena ta same ta. Wata rana bayan la'asar ta durƙusa a gabanta ta ce, "Kaka, kina so ki ga Ka'aba?" Goggo ba ta taɓa zuwa Makka ba. Aka ɗaura mata tabarau ɗin, ta yi tsit, can sai muka ga hawaye yana gangarowa ta ƙarƙashin na'urar, tana miƙa hannu tana salati. Ba zan ɓoye maka ba, ya Edita, ni ma sai da idona ya kawo ruwa. Bayan 'yan mintoci yarinyar ta sauya mata hoton zuwa wani lambun Turai mai furanni iri-iri. Goggo ta sunkuya ta kai hannu za ta tumɓuke wata ciyawa da ta hango a gindin shuka, hannun ya damƙi iska. Ta sake kaiwa, haka dai. Sai ta ce a cire mata, jiri take ji. Da aka cire, ta dubi yarinyar ta ce, "'Yar nan, wannan lambun naku ba ya ƙamshin ƙasa. Wa yake ba shi ruwa?"

Muka yi dariya a lokacin, amma tambayar ta hana ni barci. Washegari na tsare yarinyar da tambayoyi, ta ce mini, "Baffa, ai a wurin aikinmu ma tabarau na waɗanda ba sa iya tashi ne, da kuma ranakun da sanyi da ruwan sama ke hana fita. Mai iya motsawa lambu muke kai shi." Ta bayyana mini cewa suna da akwatunan ƙasa da aka ɗaga a kan ƙafafu daidai ƙugun mutum, domin mai ciwon baya ya yi shuka ba tare da sunkuyawa ba, mai keken guragu kuma ya tura gwiwoyinsa ƙarƙashi ya yi aikinsa a zaune, kuma akwai ma'aikaciyar da aikinta ke nan, shirya wa tsofaffi shuka da dashe da ban ruwa a matsayin magani. Wato abin da na fasa ƙasa na zuba wa siminti domin in raba Goggo da shi, shi ne can ake biyan albashi domin a mayar wa tsofaffi.

Daga nan na koma karatu, na tarar maganar ta daɗe a hannun likitoci. Tun a shekarar 1812 wani likitan Amurka mai suna Benjamin Rush ya rubuta cewa ya lura masu taɓin hankalin da ake sa wa aiki irin su haƙa a lambu da saran itace sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ake bari a zaune saboda matsayinsu ya fi ƙarfin aikin hannu. A 1973 masu wannan sana'a ta warkarwa da aikin lambu suka kafa ƙungiyarsu a Amurka. A 1984 kuma wani mai bincike, Roger Ulrich, ya binciki takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania, rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun kwana takwas ba kaɗan a asibiti bayan aikin, masu kallon bango kusan tara, kuma na farkon ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar na biyun ba. Kallo kawai ke nan ta taga, ba a ma taɓa ganye ba.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda wasu mata biyu masana halayyar ɗan'adam, Ellen Langer da Judith Rodin, suka wallafa a 1976, bayan sun yi shi a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut. Sun raba mazauna gidan kashi biyu. Kashi na farko aka ce kowa ya zaɓi shuka guda a tukunya, shi zai riƙa ba ta ruwa yana kula da ita, kuma aka bar musu zaɓi a wasu ƙananan al'amura na yau da kullum. Kashi na biyu ma an ba su shuka, amma aka ce kada su damu, ma'aikata za su kula musu da ita. Bayan wata 18 aka tarar kashi 15 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, a rukuni na biyu kuwa kashi 30 cikin ɗari. Mutanen ba su kai ɗari ba gaba ɗaya, don haka ba a gina hukunci mai nauyi a kan wannan adadi, kuma rai a hannun Allah yake, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Sai dai darasin da ke ciki ya yi daidai da tambayar Goggo: dukkansu suna da shuka a ɗaki, bambancin yana ga wanda yake ba ta ruwa. Wani likita ma, Bill Thomas, da ya karɓi wani gidan tsofaffi a jihar New York a 1991, cewa ya yi cututtukan da suka fi cin mazauna gidan uku ne, kaɗaici da gundura da jin cewa ba su da sauran iko a kan komai, sai ya cika gidan da tsirrai da tsuntsaye da kyanwoyi da karnuka, ya mayar da filin ciyawa lambun kayan miya. Mu ba ma buƙatar karnukan, amma cututtukan nan uku duk na gan su a ɗakin Goggo mai fanka da katifa.

Wani zai ce me ya haɗa mu da gidajen tsofaffi, tunda a wurinmu abin kunya ne mutum ya kai uwarsa ko ubansa wani gida a riƙe masa. Haka ne, kuma ina roƙon Allah ya bar mu da wannan kunya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: samari sun watse neman abinci, wasu suna unguwar Birkitari a Yawunde, wasu Duwala, wasu Njamena, wasu sun tsallaka har Saudiyya, rikicin Boko Haram ya tarwatsa ƙauyuka a yankin Arewa Mai Nisa tun daga 2014, ambaliyar 2024 ta raba ɗimbin iyalai da gidajensu a Yagwa da kewaye da kuma ƙasar Chadi. Tsohon da aka ciro daga ƙauyensa aka ajiye a ɗakin baya a birni, ba gona, ba rumbu, ba akuya, ba abokin hira, yana gidan tsofaffi ne ko da ba a rubuta suna a ƙofa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma daga cikin mutum fiye da miliyan 55 masu ciwon mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ne, wato irin namu. Maganar tana bakin ƙofarmu.

Ba na so a ɗauka ina ƙyamar tabarau ɗin ne. Na ga abin da ya yi wa Goggo a gaban Ka'aba, kuma akwai bincike da ke goyon bayansa. Jami'ar Stanford ta Amurka ta gwada shi a kan tsofaffi 245 masu shekara 65 zuwa 103, kusan kashi 80 cikin ɗari suka ce sun ji ransu ya yi fari bayan sun sa, kusan kashi 60 kuma suka ce sun ji kaɗaici ya ragu, ko da yake jin daɗin ya ɗan ragu ga waɗanda gani da ji suka yi musu rauni. Mai karatu ya sani cewa an yi binciken ne tare da wani kamfani mai sayar wa gidajen tsofaffi wannan na'ura, kuma abin da aka auna shi ne abin da mutum ya ce ya ji bayan an cire masa, ba a auna ƙarfin ƙafarsa ko cin abincinsa bayan shekara ba. Harka ce ta kasuwa babba, tun daga 2014 da Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau a kan kusan dala biliyan biyu, kuma duk inda kasuwa ta kai haka, mai talla ba zai rasa zuwa ƙofarmu ba ko ba daɗe ko ba jima.

Idan ya zo, ga abin da nake so masu hannu da shuni da ƙungiyoyin agaji su auna kafin su zaro kuɗi. Samfurin tabarau ɗin mai suna Quest 2 da ya fito a 2020 an sa masa dala 299, wato ya haura sefa dubu 150 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani yake sefa dubu 60 a wata. Nauyinsa ya kai rabin kilo, duk a kan goshi da wuyan tsoho. Batirinsa awa biyu zuwa uku yake yi, mu kuwa a nan wutarmu ta dogara ne da madatsar ruwan Lagdo, kowa ya san yadda take yi idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusiri, rufe fuskar tsoho da soso da roba azaba ce. Ƙurar hunturu ba ta barin gilashi. Tsofaffinmu da yawa suna da yanar ido da ba a cire ba, kuɗin tabarau guda kuwa zai taimaka ƙwarai wajen yi wa mutum aikin ido ya ga jikokinsa na gaske. Sannan akwai jiri da tashin zuciya, waɗanda ke zuwa saboda ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya alhali kunnen ciki da gaɓoɓi suna cewa a zaune ake. Tsohon da ya miƙe da wannan jiri yana iya faɗuwa, karayar ƙugu a wannan shekaru kuwa sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Dole a sa shi a zaune, da mutum a kusa, na 'yan mintoci, a goge shi kafin a ba wani saboda ciwon ido. Mai ruɗewa sosai kuma ana iya tsorata shi, domin ba zai rarrabe hoto da gaskiya ba.

Inda nake ganin tabarau ɗin zai yi amfani a wurinmu shi ne wurin wanda ƙasa ta yi masa nisa da gaske: mai shanyewar ɓarin jiki da ya shekara yana kallon rufin ɗaki, ko dattijon da ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe tun 2013, da bai san ranar komawa garinsu ba, ko maniyyacin da ake so ya san yadda Safa da Marwa da Mina suke kafin ya tashi. A nan ma sai an yi hattara da bayani, domin da hukumomin Saudiyya suka fito da shirin kallon Hajarul Aswad ta wannan hanya a ƙarshen 2021, sai da hukumar addinin ƙasar Turkiyya ta fito a 2022 ta bayyana cewa ziyarar hoto ba ta zama aikin Hajji. Goggo ta fahimci wannan ba tare da fatawa ba, amma ba kowa ba ne zai fahimta. Babban gibin kuma shi ne abin da ake nunawa. Hotunan da ke cikin na'urar yarinyar na biranen Turai ne da duwatsu masu ƙanƙara da kifayen ƙarƙashin teku, waɗanda ba su tuna wa tsohonmu komai. Abin da zai motsa shi shi ne kasuwar ƙauyensu, da kwalekwale a kan Binuwai ko Logon, da gonar masakwa a kan baƙar ƙasa bayan ɗaukewar ruwa, da hawan dawakai a ƙofar lamiɗo ranar salla. Ga ɗalibai a jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa, kyamarar da ke ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda tana samuwa, aikin nasu ne idan sun so. Sai dai a tambayi dattijo kafin a nuna masa garinsu, domin wanda aka ƙone wa gida a gabansa ba lalle ne ganin wurin ya zame masa magani ba.

Ni dai ga abin da na yi. Na kira magini ya fasa mini siminti a jikin katangar gabas, faɗin taku biyu, tsawon taku shida. Iyalina ta ce na haukace. Na samo rabin durom biyu na ɗora a kan bulo daidai ƙugun Goggo, na huda gindinsu, na tara tsofaffin buhunan shinkafa da jarkokin da aka yanke, muka cika su da ƙasa da yashi da takin awaki da ya ruɓe. Ban tambayi wani masani abin da za a shuka ba, ita na tambaya, kuma ranar ce na fara jin ta yi magana mai tsawo tun zuwanta. Ta ce zogale a kusurwa inda ruwan alwala ke gangarawa, yakuwa da rama a ƙasa, alayyahu da lalo a durom, kuɓewa a buhu, ɗaiɗoya kusa da ƙofarta saboda ƙamshi. Matar da ba ta iya riƙe sunana ta gyara mini tazarar ramin kuɓewa da yatsanta, ta kuma yi mini faɗa cewa takin da na fara kawowa ɗanye ne zai ƙone iri. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi jinyar masu ciwon mantuwa, domin abin da hannu ya saba yi yakan daɗe bayan sunaye da ranaku sun tafi.

Kuskuren da muka fara yi shi ne na tausayi. Wata safiya ta makara, sai yara suka ba shukar ruwa kafin ta fito, don su hutar da ita. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta yi wa kowa magana ba. Daga nan na kafa doka cewa yaro yana iya ɗauko ruwa ya ajiye, yana iya riƙe mata hannu, amma buta a hannunta take, kuma ba a tsinkar ganye ko ɗaya sai an nemi izininta. Ranar da akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye rabin yakuwar, Goggo ta bi ta da sanda har zaure, tafiyar da ta yi wata da watanni ba ta yi ba, kuma sai da mai akuyar ya zo da kansa ya ba ta haƙuri.

Ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa ta warke ba. Har yau da sunan mahaifina take kirana, wani lokaci ta tambayi mijinta ko ya dawo daga kasuwa. Ciwon mantuwa ba shi da maganin da ke kawar da shi, lambu ma bai kawar ba. Amma tana barcin dare, domin hasken safiya da take sha yana daidaita agogon jiki, gajiyar aiki kuma tana kawo barci. Tana cin tuwo idan miyar daga shukarta aka yi. Tsugunawa da miƙewa da ɗaga buta sun dawo mata da ƙarfin cinya da na damtse, waɗanda su ne garkuwar tsoho daga faɗuwa. Abin da ya fi duka a idona, matan unguwa da suka daina shigowa yanzu suna aiko yara, "a gaida Goggo, wai a sam mata zogale," ita kuma ta tsinka ta ƙulla ta bayar tana sa albarka. Mace ce da ta saba ba da kyauta duk rayuwarta, muka mayar da ita mai karɓa kawai, yanzu hannunta ya koma sama. Hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci, face ya zame masa sadaka, bai ware tsoho ba, ko da yake ban yi ƙarfin halin karanta mata shi a ranar akuya ba.

Wanda zai gwada, a matsayina na ma'aikacin jinya ina ba shi shawarar ya kiyaye lokaci, daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, kuma a riƙa miƙa wa tsoho ruwan sha ko bai nema ba, domin jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. Mai ciwon sukari kada ya taka ƙasa ba takalmi, ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama gyambo. A tambayi asibiti batun allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kamuwa da ita ta rauni. Kada a bar ruwa ya kwanta a jarka ko gwangwani ya zama gidan sauro, a riƙa ɗaga buhuna ana dubawa saboda kunama, a share santsi daga hanya. Maganin ƙwari a kulle shi nesa, toka da ruwan ganyen darbejiya sun ishi ƙaramin lambu. Inda kuma akwai mai ruɗewa, a tumɓuke zaƙami da zurma da bini-da-zugu idan sun fito, domin yana iya kai 'ya'yansu baki.

Kirana ga ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, da magadan gari, da sarakuna da limamai, bai fi ƙarfinsu ba. Duk wanda zai gina wurin kwantar da tsofaffi ko ɗakin masu doguwar jinya, a sa masa sharaɗin barin fili na ƙasa mai inuwa da famfo a kusa, kada a shafe ko'ina da siminti kamar yadda na yi. Ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, tana zuwa daidai ƙarshen damina a wurinmu, gab da lokacin da masu lambu ke shirin noman rani. A cikin buhun shinkafa da sabulun da ake rabawa, ƙullin iri da 'yar buta ba za su ƙara nauyi ba. Dattawan da ke yini a ƙofar masallaci kuwa, a ba kowannensu itace guda a harabar ya zama nasa, da sunansa za a riƙa kiransa, shi zai ce a yi masa shinge ko a sassabe.

Da yarinyar za ta koma ta bar mini tabarau ɗin. Yana cikin akwati, duk ranar Juma'a bayan an sauko nakan kai wa wani maƙwabcina da ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku ke nan, in zauna kusa da shi ya yi minti goma a Harami, in goge in dawo da shi. Goggo ba ta sake tambayarsa ba. Abin da ta dame ni da shi a kwanakin nan shi ne dashen albasa, ta ce lalle sai irin na wajen Marwa, kuma in ƙara fasa mata taku biyu kafin sanyi ya shiga. Ina so in ji daga masu karatu na Kusiri da Njamena da sauran wurare, musamman ma'aikatan jinya, idan akwai wanda ya gwada irin wannan a gida ko a asibiti, da abin da ya gani.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin jinya,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.